An Sake Sayar da Kamfaninmu

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya yara? Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu.

Sai dai an sake sayar da kamfaninmu na rarraba finafinai, karo na uku ke nan. Tsohon da ya kafa shi da kaset ya fara, yana raba wa shaguna a kan babur. Ni na zo zamanin faifai, muna loda mota goma a rana. Sababbin masu shi sun ce yanzu kowa a waya yake kallo. Finafinan suka saya, ba mu ba.

Da mu arba'in ne a sito, yanzu saura huɗu. Aikina zuba faifai a injin niƙa, waɗanda na yi shekara goma sha shida ina jerawa. Jiya na tambayi manaja, "In sito ya ƙare fa?" Ya ce, "Ai sai ka huta." Ko kallona bai yi ba.

Kada ki gaya wa Inna tukuna, ta dai sa ni a addu'a. Allah ya bar zumunci. Yaya, ɗakina na baya, an sa wani a ciki ne?

Ƙaninki