Damuriyata da Aka Kai Gidan Takaba

Wad Haddad, ranar Lahadi.

Zuwa ga Gwaggo Asabe a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba a kan ɗiya ga gwaggonta, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Baba Mahadi da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan da ke damun ki, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu ma nan alhamdulillahi. An sako ruwa a tur'a, magudanar da ke ba gonaki ruwa, Baffa Usmanu ya gama shukar dawa a hawasharsa, gonarsa ta ban-ruwa, saniyar matarsa Inna Hadizatu ta haihu. Ƙanena Kamal yana ta kai-komo tsakanin nan da Damazin kan hidimar aurensa, duk ya zabge. Ɗaurin aure yana nan ranar Juma'a a gidan su amarya Malak a Damazin, motar 'yan rakiyar ango kuma za ta tashi ranar Alhamis da hantsi, kamar yadda kika tsara.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. A waya ba ki barin mutum ya kai aya, kuma ni idan aka ɗaga mini murya kalmomi guduwa suke yi daga bakina, sai in tsaya shiru, ke kuma ki ɗauka na amince. To, ban amince ba. A takarda babu mai katse ni. Zan ɗauki hotonta in turo miki, ina roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki kira kowa ki yi masa faɗa.

Gwaggo, ba yau kika san ni ba. Kina nan lokacin da mahaifina Baba Jibo, Allah ya ji ƙansa, ya kai ni wajen likita a Madani ina 'yar shekara goma sha biyu, saboda kowace Salla sai an yi dambe da ni kafin a sa mini sabon kaya. Likitar ta ce abin da ke gare ni tawahhud ne. Ta ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, halitta ce: fatata da kunnena da hancina suna jin abu fiye da na sauran mutane. Baba ya dawo gida ya tara kowa ya ce daga ranar kada wanda ya ƙara tilasta mini tufa. Ke kaɗai kika taɓe baki kika ce shagwaɓa ce, bulala biyu za ta warkar da ita. Shekara goma sha bakwai ke nan, ashe maganar tana nan a ranki, kina jiran ƙasa ta rufe idon ƙanenki.

Bari in gaya miki abin da kika sa aka ɗauka, tunda ke a wajenki tsumma ne. Riguna biyar gare ni, kowacce da mayafinta, duka na damuriya, farin yadin audugar nan da ake saƙawa da hannu. Sabuwar damuriya kaushi gare ta, ni ma ba na iya sa ta. Sai na jiƙa ta kwana uku, in kai ta bakin tur'a in buge, in shanya, in sake jiƙawa, wanki talatin ko fi, kafin in yarda ta taɓa wuyana. Riga guda takan ci mini wata biyar. Ni nake ɗinkawa da kaina, in juya bakin ɗinkin waje don kada ya goge ni, in buɗe wuya sosai, ba maɓalli, ba roba. Kuma kada ki ce ban san ado ba. Ni ce telar matan unguwar nan, rabin amaren da aka kai daga nan zuwa Sinnar da ɗinkina suka tafi, na san launin da ya dace da baƙar mace da wanda ya dace da fara. Ina son kyakkyawan yadi, ina jin daɗin kallon sa a jikin mai iya ɗaukar sa. Nawa adon yana bakin riga: shuɗin zare, da allurar hannu, siriri. Ɗaya na yi mata ganyen auduga, ɗaya balbelu a jere, ɗaya igiyar ruwa, ɗaya 'yan taurari, ɗaya jinjirin wata. Idan hayaniya ta yi mini yawa, ɗinkin nan nake bi da ɗan yatsa har hankalina ya dawo jikina. Da kayan nan nake iya shiga kasuwa, da su nake zama cikin mata in yi hira. Ba su, ba ni.

Ranar Talatar da ta wuce na tafi Sinnar sayen zare. Na dawo na buɗe akwatina, wayam! Sai wani koren tob, wato lafaya, na tarar a ciki, mai duwatsu da ƙyalli tun daga sama har ƙasa, an yi masa wanka da humra da turaren wuta har akwatin ya ɗauka. Na fito tsakar gida na tambayi ina kayana. Inna Hadizatu ba ta ko iya kallon idona ba. Ta ce ke kika bugo, kika ce farar damuriya kayan mai takaba ce, idan na shiga gidan su Malak da ita dangin amarya za su ce mun zo musu da mugun fata, muna kira wa ango mutuwa. Ta ce kin ce muddin kayan suna akwatina ba zan taɓa tob ɗin ba, don haka a kwashe su a kai wa Huda, matar marigayi Mati da ya rasu makon jiya, sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Baba. Kai, Gwaggo! Da sunan mutumin da ya hana a taɓa kayana kika sa aka yi sadaka da su? Wallahi ko maƙiyi bai isa ya tsara wannan ba.

Kuma kin san abin da kika yi, don kin san kayan da suka shiga ɗakin takaba ba a karɓo su. Duk da haka na je, ban ma san lokacin da ƙafata ta kai ni ba. Na tarar da Huda zaune a kan tabarma, da rigata a jikinta. Idona ya faɗa kan bakin rigar, sai na ga babu balbelu. Ashe Inna Hadizatu ta zauna da reza ta warware adon duka huɗun, tunda mai takaba ba ta sa abin da ke da ado. Ramukan allura kaɗai suka rage a jere. Baiwar Allah Huda ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce tunda aka yi rasuwar jikinta ciwo yake yi ko'ina, ba abin da ya kwanta mata kamar rigunan nan, ta yi ta yi wa Baba addu'a. Me zan ce? Na ce amin, na yi mata ta'aziyya, na fito. Ba na jin haushin Huda ko kaɗan, Allah ya ba ta haƙuri. Ke nake jin haushi.

Duk da haka na gwada, don kada a ce ban gwada ba. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce da la'asar aka yi lallen ango a gidanmu. Na dubi Kamal, yaron da na goya bayan rasuwar mahaifiyarmu, na ce saboda shi zan daure. Na cire rigar da ta rage mini, wadda na tafi da ita Sinnar, na sa tob ɗinki da rigar cikinsa. Kin san ƙaiƙayin dawa ranar sussuka? To, ki ce an ɗura miki shi cikin riga, an ɗaure wuya, an ce ki yi murmushi. Kowane dutse ina jin sa daban a bayana. Robar hannun tana cizo, yadin yana ƙara a kunnena duk motsin da na yi, humrar ta toshe mini maƙogwaro. Mata suna ta guɗa, suna cewa ya salam, yau Huseina ta zama mutum, wannan ta ja gefen tob, waccan ta shafa kafaɗa. Yau na zama mutum! Da can mece ce? Na ƙirga numfashina, na cije leɓe har na ji gishirin jini. Ban kai rabin sa'a ba tura ta kai bango. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina a ƙasa a ɗakin Inna Hadizatu, na yage rigar cikin tob ɗin daga wuya, ina kururuwa ina yaƙushin hannuwana. Maimakon a fita a bar ni in huce, sai aka yi mini taron dangi. Wata ta ce iska ce ta hau, aka danne ni mutum huɗu, aka kawo kasko aka turnuƙe ni da hayaƙi, abin da ya fi komai ƙona ni. Kwana biyu ban iya furta ko kalma ɗaya ba. Sai jiya da yamma bakina ya buɗe, kuma har yanzu hannuwana duk sawun farce ne.

Ina kwance ba na iya magana aka kunna saƙon muryarki a tsakar gida, kowa yana ji, ni ma ina ji, don bakina ne ya rufe, ba kunnena ba. Kika ce ai ga irin ta nan, kin faɗa. Kika ce kada a kuskura a sa ni a motar Damazin in je in kunyata zuri'a, a bar ni gida, bayan biki Baffa Usmanu ya kai ni wajen wani malami a bayan Sinnar in zauna a yi mini ruƙiyya har abin ya fita. Wane abu ne zai fita, Gwaggo? Shekara goma sha bakwai ban faɗi a gaban jama'a ba sai ranar da na sa kayanki. Ke kika kunna wutar daga Jidda, sannan kika koma gefe kina salati. Idan akwai abin da ya hau ni ranar nan, a cikin akwati ya zo, kore ne, kuma na ninke shi na ajiye, duk mai tahowa wajenku zai kawo miki abinki. Ki ba ɗiyarki Hanaa, zai yi mata kyau ƙwarai, na san ƙirarta.

Wai farin kaya mugun fata ne. Malaman makarantar 'yan mata da ma'aikatan ofis a Damazin da wane tob suke fita kullum? Ango da kansa da wace jalabiya za a ɗaura masa aure? Ke da kike yawo cikin baƙar abaya daga kai har ƙafa, wa ya taɓa tare ki a titi ya yi miki ta'aziyya? Kuma dangin amaryar da kike tsoro, kin tambaye su? Malak ta zo nan sau uku gwajin kaya, ni na ɗinka mata rigunan fitar biki, a cikin damuriyata ta same ni kowane zuwa. Har ta ɗaga bakin rigata ta ce in yi mata irin balbelun nan a mayafinta. Da ta ji abin da ya faru ta aiko ta ce ita dai in zo, ko da buhu na ɗaura. Ba su ne ke jin kunyata ba, ke ce.

Yau da safe Kamal ya zo ya zauna a bakin ƙofata, ƙato da shi yana share hawaye. Ya ce ba ya son a ɗaura masa aure ba na wurin, amma tunda Baba ya rasu ke ce babba a gidan nan, Baffa Usmanu ma ba ya tsallake maganarki, shi kuwa ba zai fara zaman aure da fushin gwaggo a kansa ba. Ya ce idan kin janye, shi da kansa zai zaunar da ni kusa da taga, inda ba mai matsa ni. Ban ga laifinsa ba, kuma ba zan sa shi zaɓe tsakanina da ke ba. Saboda haka magana tana hannunki. Ba na neman ki ba ni haƙuri, na san bakinki bai saba ba. Ba na neman rigunana, sun tafi. Kira ɗaya nake nema, ki bugo wa Kamal kafin hantsin Alhamis ki ce yayarsa ta shiga mota da kayan da jikinta ya yarda da su. Riga guda ta rage mini. Ranar Laraba zan wanke ta, in zauna a ɗaki cikin zanen gado har ta bushe, in goge ta, in shirya kamar kowa. Wajen malamin nan kuwa, ki cire shi a ranki, ba inda za ni, sai dai a ɗaure ni a jefa a mota gaban mutanen unguwa.

Ki gaishe mini da Baba Mahadi da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaishe da Ayman da matarsa, da Hanaa, da Nasir idan ya zo hutu, su ba ruwansu. Baffa Usmanu yana gaishe ku. Inna Hadizatu ma na san za ta ce a gaishe ku, amma ba mu magana tukuna.

Idan motar nan ta tashi ba ni a ciki, zan zauna in yi wa ƙanena addu'a daga nan, ba zan tayar wa kowa da hankali ba. Amma ranar Salla, idan kin bugo kamar yadda kika saba, ana zagayawa da waya kina cewa a yafi juna, ki gaya musu tun da wuri kada a miƙo mini. Ban iya faɗin abin da ba ya cikin zuciyata ba, kuma ba zan so ki ji amsata a gaban yara ba.

Wassalam. Ni ce ɗiyar ƙanenki Jibo,
Huseina.