Furen lemona, zumar ƙanina

Malama, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Da mahaifinmu ya rasu, ni na gaji gonar lemo, ƙanina kuma aka ba shi wani fili a gefe, duk tsakuwa. Har tausayinsa na ji. Sai kawai ya jera amyoyin ƙudan zuma a jikin shingena. Yau ga shi mutane daga nesa suke zuwa neman zumarsa. Fara ce tas, in aka buɗe kwalbar sai ƙanshin furen lemo ya cika ɗaki. Lemon wa? Nawa! Ni ke ban ruwa, ni ke zuba taki, shi ke shan yabo. Mutum zai bi ta cikin gonata, ko sannu babu, yana tambayata ina gidan mai zuma.

Abin ya ci mini rai, ni ma na kafa nawa amyoyin. Na bar su shekara guda cur don zuma ta taru, na kore ƙudan da wutar kara, na matse saƙar gaba ɗaya. Ta fito baƙa, bayan kwana biyu har da kumfa. Duk da haka na kai wa mahaifiyarmu, ita da ke gane zuma da lasa ɗaya. Ta ɗanɗana, ta ce ta ji darbejiya, ta ji ciyawa, ta ji ƙauri, lemon ne dai ba ta ji ba. Ta sa mini albarka, sannan a gabana ta miƙa hannu ta ɗauko ta ƙanina ta zuba a shayi. Wallahi ji na yi kamar an mare ni.

Ba wai ya yi mini wani abu ba fa. Yana gaishe ni, Yaya sama Yaya ƙasa, wannan ladabin ma haushi yake ba ni. Amma ko sau ɗaya bai taɓa gaya wa masu saye daga ina ƙanshin yake ba. Yanzu lemo ya fara fure, na sayo maganin feshi mai ƙarfi. Gonata ce, in na fesa wa zai ce don me? Na san abin da zai sami ƙudan. Hassada ce, ban musa ba, amma ba ni da gaskiya ko kaɗan?

Yayan mai zuma

Ɗan'uwana, kana da gaskiya a wuri ɗaya: ya kamata ƙaninka ya riƙa ambaton gonarka. Ka faɗa masa haka kai tsaye. Ina kyautata zaton bai ma san kana ciwo ba.

Sauran kuwa, laifin ba nasa ba ne. Ƙudanku fure ɗaya suke sha, hannu ne ya bambanta. Mai son zumar lemo yana cirewa da zarar furen ya zube, kafin ta gauraya da ta darbejiya. Saƙar da ƙudan suka rufe bakinta da kaki kawai yake ɗauka, ita ce ta nuna. Wadda ba a rufe ba ruwa ya yi mata yawa, shi ya sa taka ta yi kumfa. Hayaki kaɗan ake sawa, kuma tacewa ake yi, ba a matse ta da 'ya'yan zuma. Mahaifiyarku ba son kai ta yi ba, abin da ke bakinta ta faɗa. Ka sauke girman kai ka je ya nuna maka, bana ma ba ka makara ba.

Maganin nan ka mayar wa mai shago. Ba ya tambayar amyar waye, har naka zai kashe, kuma ƙudan nan suna taimaka wa lemonka ya yi 'ya'ya. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Ranar da ƙaninka ya tarar da ƙudansa zube a ƙasa, wurinka zai fara zuwa da kukansa, don kai ne yayansa, kuma ba zai taɓa zarginka ba. Da wace fuska za ka yi masa jaje?

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya bar ku tare.