Ƙarar Linzami a Cikin Inji

Zuwa ga maigidana Gombo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kuma ƙurar mahaƙar ma'adinan ba ta dawo maka da tarin nan ba. Mu nan lafiya lau. Tumaki sun haihu, ƙanƙara ta narke sai 'yar kaɗan a bayan tudu.

Duk tsawon hunturu na riƙe motarka kamar ɗan maraƙi. Kullum sai na lulluɓe ta da bargon gashi, na tura kaskon garwashi ƙarƙashin inji ya ɗumama kafin in murza makulli. Yanzu da sanyi ya sassauta na daina. To, ka ji abin da ya ɓullo: in na tayar da ita da safe sai wata ƙara ta fito daga gaban injin, cakar-cakar, ta ɗan jima kaɗan ta ɗauke.

Innarka ce ta fara ji. Tana bakin tanti da ƙoƙon shayinta ta ce, "Ke 'yar nan, sake tayarwa! Ƙarar linzamin dokin marigayi babana ce." Tun ranar take mafarkin kogin Tamir inda aka yanke mata cibiya. Ta ce so take ta je ta yi birgima a ƙasar kafin ƙanƙara ta sake sauka, kamar yadda tsofaffinmu ke yi. Ta rame, ba zan ɓoye maka ba. Amma in ƙarar ta tashi fuskarta kan koma ta yarinya, har nakan tayar da motar ba don zan je ko'ina ba.

Ina kewarka. Taka,
Yanjma

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka, ina sanar da kai tafiyar kai Inna Tamir ta tsaya.

Ƙarar ta fara daɗewa. In motar na tsaye tana aiki sai ta riƙa karkarwa, a hawan tudu ta yi sanyin jiki, ga wata fitila ruwan ɗorawa da ta kama a gabana ta ƙi mutuwa. Na aika wa Yaya Lubsan, ya bar garejinsa ya zo ya kwana, ya ce kada kowa ya taɓa motar sai ta huce sarai. Da safe ya kafa dogon sukundireba a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, ya ce in tayar. Sannan ya tsiyayi baƙin mai ya murza a yatsa ya ɗaga wa rana. Wasu ƙananan abubuwa na ƙyalli a ciki, kyawawa da su. Ashe garin ƙarfe ne.

"Sannu, uwar mota," in ji shi. "Sarƙar taimin, wadda ke daidaita bugun injin, ita ce ta saki. Tun hunturu take kuka, ke kuma kin toshe mata baki da garwashi. In ta tsallake haƙori ɗaya a tsakiyar daji, injin zai cinye kansa, ku zauna kuna kallon ungulu."

Na ji haushi, don na san gaskiya ya faɗa. Sabuwar sarƙa sai daga babban birni Ulanbato, ba a san ranar zuwanta ba. Inna kuwa madara kawai ke wuce mata. Ta ce da Yaya, "Kai yaro, ana kirana kana maganar ƙarfe?" Ni na rasa wanda zan bi. In mun tafi mota ta mutu, na kashe Inna a hanya. In mun jira, wa ya sani? Na ɓoye makullin a buhun busasshen cuku. Tsoro nake ji, Gombo.

Taka,
Yanjma

Maigidana,

Ina gaishe ka daga bakin Tamir, da fatan wannan ta same ka lafiya, kuma da wuri.

Sarƙar ta iso, Yaya ya ɗaura. Da na tayar, injin ya kama aiki luf babu ƙarar nan, Inna ta kasa kunne ta ce, "Su babana sun gaji da jirana ke nan." Na yayyafa wa tayoyi madara don neman sa'a kamar yadda muka gada, muka kama hanya, Yaya na tuƙi, ita tana kwance a cinyata tana kiran sunan kowane dutse.

Ita ta nuna wurin, wani ɗan kwari kusa da itatuwa. Muka sauko da ita, ta yunƙura ta kasa juyawa. Sai ni da Yaya muka durƙusa muna mirgina ta a hankali cikin ciyawa, tana dariya har da hawaye, ƙasa duk a gashinta. Ta hana ni kaɗe mata.

Ta ce ba za ta sake shiga mota ba, don haka mun kafa tanti. Ka nemi hutu ka taho, kada ka jira ƙarshen wata. Tana tambaya ko ka taso.

Taka har kullum,
Yanjma