Na Miƙa wa Ɗan Majalisa Fayil a Zaman Makoki

Gwaggo Tasalla, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in ƙara wata ɓarnar a kan wadda na riga na yi, domin yadda raina yake a ɓacen nan ban amince da kaina ba.

Ni jami'in ilimi ne, ni nake duba makarantun firamare goma sha ɗaya a yankin Karaye. Shekara ashirin da uku ina wannan aiki a kan babur, ban taɓa taka ƙofar gidan ɗan siyasa ba, kuma da har alfahari nake yi da hakan. Cikin makarantun nan akwai wata ta 'ya'yan makiyaya a bayan Kurugu. Shekara huɗu muka yi muna zarya wurin Arɗo Barau kafin ya yarda a sa yaran ruga a boko. Yanzu muna da yara ɗari da arba'in, har da mata. Daminar bara iska ta kwashe rufin azuzuwanta uku kaf, duk ranin nan a gindin tsamiya ake karatu. Arɗo ya gaya mini a fili, ba da faɗa ba, cewa idan ruwan farko ya sauka babu kwano a kan ginin, zai mayar da yaransa kiwo, kuma kada in sake zuwa masa da maganar makaranta. Mutum ne mai magana ɗaya, Gwaggo.

Na rubuta inda ya kamata in rubuta, aka ce a jira. Sai aka ba ni shawara in nemi ɗan majalisarmu, tunda yana da ayyukan mazaɓa. Ba zan faɗi sunansa ba. Na haɗa fayil shafi arba'in da bakwai, da hotuna da sunayen yara da kwafin kowace wasiƙa. Wata bakwai ina bin mutumin nan! In na je ofis a ce yanzu ya fita, in na kira waya ba ta shiga. Sau ɗaya na hango shi a wurin ɗaurin aure, kafin in kutsa cikin maroƙa mota ta tashi. Ni da furfurata ina gudu a bayan mota, babbar riga tana harɗe ni.

To watan jiya kawunsa ya rasu a Rogo, wanda aka ce shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Na ce wa kaina gaisuwa kawai zan je in yi, sai dai ban san yadda aka yi fayil ɗin ya shiga ƙarƙashin rigata ba. Ranar sadakar uku ce. Na shiga rumfa, ga Honarabul zaune a kan tabarma, babu mai tare ƙofa, babu mai cewa dawo gobe, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Na yi gaisuwa, liman ya yi addu'a, muka shafa. Sai zuciya ta ce mini in ba yau ba sai yaushe. Na zaro fayil na ajiye a gabansa, na fara bayanin kwano. Ya dube ni, ya dubi fayil, ya juya ga mai gaisuwa na gaba. Wani dattijo, Alhaji Mijinyawa, ƙanen mamacin, shi ya ɗauki fayil ɗin ya biyo ni har inda na ajiye babur, ya miƙo mini ya yi mini fatan sauka lafiya.

Kafin in isa Karaye labari ya riga ni. Matata Hajo kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ta ce na sa ta kasa shiga gidan suna. Na san ban kyauta ba, amma abin da ke ƙona mini rai shi ne, kowa maganar fayil yake yi, babu mai maganar rufi. Mamaci ya tafi, Allah ya jiƙansa, yaran nan fa suna raye! Ga gajimare ya fara taruwa. Wani abokina ya ce in watsa hotunan makarantar a Fesbuk in kira sunan Honarabul, ko in kai maganar gidan rediyo. Na riga na rubuta, turawa kawai ta rage. In tura, ko in yi yaya? Na gaji wallahi.

Naki,
Mai Fayil, Karaye

*

Malam Mai Fayil,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. A na farko salati na yi, a na biyu na cire tabarau na yi tagumi. Fayil ba shi da ƙafa, ɗana. Kai ka ɗauke shi ka sa a riga tun daga gida, mu fara da faɗin gaskiya.

Haushinka yana kan hanya. Wakilin jama'a ne, sauraron irinka yana cikin aikinsa, kuma wata bakwai ba wasa ba ne. Amma ranar nan ba ɗan majalisa ka tarar a tabarma ba, mutum ne da ya binne wanda ya raine shi. Abin da ka nuna masa shi ne ko ranar kukansa ba a ganinsa sai da buƙata. Ka sa kanka a wurinsa.

Kuskurenka ma ya girmi ranar makokin. Shekara ashirin da uku kana alfaharin ba ka san ƙofar kowa ba, sai da rufi ya tashi ka fara neman ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanin wakilinka ba shiga jam'iyya ba ne. Ka taɓa gayyatarsa bikin yaye ɗalibai? Da ya san fuskarka a ranar da ba ka neman komai, da ba ka yi gudu a bayan mota ba.

Goge abin da ka rubuta. Kai ma'aikacin gwamnati ne, kuma a yanzu duk abin da ya fito daga bakinka za a ce huce haushi ne, zancen ya koma kanka, rufi ya sake ɓacewa. Idan ta kai ga rediyo wata rana, iyayen yara ne za su je, ba kai ba.

Ka nemi Alhaji Mijinyawa. Dattijon nan asirinka ya rufa, da ya ga dama a cikin rumfa zai wanke ka tas. Ka sami limaminku ya raka ka, ka je hannu sake, ka ba da haƙuri, ka roƙe shi ya isar wa ɗan majalisar. Kada kalmar kwano ta fito daga bakinka. Ranar sadakar arba'in ka koma, ka zauna, a yi addu'a da kai, ka tashi.

Bayan nan, maganar makaranta ta fito daga masu ita. Arɗo Barau da mai gari da hedimasta da iyaye biyu ko uku, har da uwa, su nemi ganin ɗan majalisar, da sanin shugabanka na ofis. Su ke da ƙuri'a, su ke da 'ya'ya. Shafi arba'in da bakwai kuwa, haba Malam, wa zai karanta? Shafi ɗaya ya isa: sunan makaranta, yawan yara, aji uku, abin da ake so. Su gayyace shi, ko wakilinsa, ya zo ya ga yaran da idonsa.

Ba zan ruɗe ka ba, mai yiwuwa ruwa ya riga kwano zuwa. Don haka wannan makon ka je ruga ka gaya wa Arɗo komai da bakinka, har abin kunyar da ka yi. Ku kira gayya a yi wa ko aji ɗaya jinka, mutanensa sun fi ka sanin ciyawa. Mai magana ɗaya ya fi kowa gane wanda bai yaudare shi ba.

Na san durƙuson nan zai yi maka ɗaci, kai da kake ganin kai aka zalunta. Kunyar yini guda ce a zauren Alhaji. Idan ka ƙi haɗiye ta, yarinyar da ta fara haɗa baƙi bana ita za ta koma bin shanu, ita kuwa ba ta yi wa kowa laifi ba.

Allah ya jiƙan mamacin, ya sanyaya maka zuciya, ya sa ruwan bana ya tarar da yaran nan a cikin aji.

Gwaggo Tasalla