Ganyen Ndumbe da Jadawalina

Bonaberi, Duwala
9 ga Satumba, 1998

Zuwa ga ƙanwata Endale,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ni ina nan, tsufa dai.

Yau shekara goma sha tara ke nan ina jin haushinki. Tun rasuwar mijinki Ndumbe ba ki taka gidana ba, kin aurar da 'ya'ya biyu sai a bakin mutane na ji. Na sha gaya wa kowa ke butulu ce, ni da na kai ki makaranta. Amma ban taɓa zuwa na tambaye ki dalili ba, don ina tsoron amsar.

Kin san lokacin da aka sallame ni daga tashar jiragen ruwa, bayan shekara goma sha ɗaya ina rubuta wa matuƙa lokutan cikowar teku da janyewarta, Ndumbe ne ya ba ni wuri a kwalekwalensa na ɗebo yashi. Masu nutson yashi suka sa mini suna Akawun Kifi. Ina ji ina dariya, raina yana tafasa.

Ranar nan injin kwalekwalen wani ya faɗa mashigi mai zurfi, inda ba a nutso sai ruwa ya tsaya cik tsakanin janyewa da dawowa. Ndumbe, kamar kullum, ya jefa ganye a ruwa yana jiran ya daina tafiya. Ni kuwa na fito da jadawalina na cikowa da janyewar teku, na ce ƙarfe goma da kwata ruwa ya gama janyewa, ga agogo, lokaci ya yi. Ya ce ganyen bai tsaya ba tukuna. A gaban mutum shida na ce masa Turawa sun auna tekun nan da na'ura tun kakansa yana yawo tsirara, in tsoro yake ji ya faɗa. Aka fashe da dariya.

Ya dube ni ya ce, "Suruki, kai ne ka yi boko. In ka ce ya tsaya, ya tsaya." Ya kama gorar da suke bi su sauka, ya nutse.

Endale, jadawalin tsayin ruwa yake faɗa, ba gudunsa ba. Da damina ruwan kogi yana ci gaba da turowa teku bayan janyewa ta ƙare, wani lokaci har kusan awa guda. Na san haka. A makaranta aka koya mini, ni ma na koya wa wasu. Abin da nake so kawai shi ne sau ɗaya su ga takardata ta fi ganyensu.

Da aka zo gaya miki aka ce ya yi gaggawa ne, ina tsaye ban ce uffan ba. 'Ya'yansa suka girma suna jin ubansu ya yi wauta. Ki karanta musu wannan: bai yi ba. A mashigin nan babu wanda ya fi shi sanin ruwa.

Ban roƙi gafara ba, ban ga bakin roƙonta ba. Ki gaida 'ya'yanki Etonde da Mukoko in za su amsa.

Kwana uku muka yi muna neman mijinki har bakin teku. Injin an ciro shi washegari. Ndumbe ba a same shi ba, yana da shekara talatin da huɗu.

Yayanki,
Dikonge Epe