Zabon Ilu Mai Zobe a Ƙafa

Baban Hadiza,

Gaisuwa, da fatan kwanciyarka hutawa ce. Na san duk Arlit babu ɗan kabu-kabun da zai kai maka wannan takarda, amma in ban faɗa ba cikina zai fashe.

Yara lafiya, tuwo ma yana fita. Tsuntsayenka sun dawo tafkin dattin bayan gari, inda kake zuwa kallo in ka ajiye kar ɗin ma'aikata, babbar motar da kake tuƙawa. Ka tuna gorin da nake maka, mutumin da ya tashi a bakin tafkin Madarunfa ya rasa abin kallo sai ruwan masai? Ban taɓa gaya maka ba, ran da ka nuna mini agwagwar ruwa mai zoben ƙarfe a ƙafa, ka ce a ƙasar Turawa aka sa mata, ta keto teku da hamada, daɗi na ji. Tsakin da na yi, don kar ka samu bakin magana ne.

To, ƙaninka Ilu ne ya gaji madubin hangenka. Na ce Allah sarki, ya ɗauko halin wansa. Ashe da shi yake leƙen inda tsuntsayen suke sauka, ya ɗana tarko, ya fige, ya gasa, ya sayar wa matafiya a tasha da sunan zabi. Ruwan da ko jaki ba ya sunsunawa! Ran Talata ya kawo mana ƙunshi, wai rabon marayu. Mun ci, Baban Hadiza, har da lasar yatsa. Ina naɗe takardar sai ga ƙafa da zobenta. Wane zabo ne ke sa zobe?

Da na tunkari Ilu da maganar, sai Inna, mahaifiyarku, ta kira daga gida, wai in rufa wa ɗanta asiri, in ba haka ba in manta ni surukarta ce. Ka san ni, na iya shiru in shirun zai biya. Amma 'ya'yan mutane ke haɗiyar wannan ƙazanta. Na ɗaura wa ƙafar zare, na rataye ta a bakin rumfata. Duk wanda ya tambaya in ba shi labari, in ƙara masa miya.

Yau hayaƙin Ilu bai tashi ba. Inna kuma ta daina ɗaukar wayata, har ta jikokinta. Jininka ne, na sani. Da kana nan, bayan wa za ka bi?

Allah ya kai haske kabarinka.

Taka har gobe,
Uwar Hadiza, mai tuwon bakin tasha