Akwatin Goyon Ciki

Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Likita ya hana ni hawa jirgi, ba zan zo goyon ciki ba. Wai don in huce, maigidan zai kai ni hutu bakin teku. Akwatin da na ware don Kano nake cikawa yau. Rigunana duk sun matse. Baturiyar maƙwabciyata ta ba ni rigar iyo, ko cibiya ba ta rufewa, ni da nake ɓoye cikin da mayafi!

An ce ruwan har Legas yake kaiwa. Zan tsoma ƙafa, iyakar zuwana gida ke nan.

A taya ni da addu'a. Ki gaishe da Inna, ke za ki faɗa mata, ni na kasa.

Ƙanwarki Ladidi,
Lewisham